Auren da Aka Kwance a Junaina Aka Ɗaura a Makka

Tun da muka dawo matan unguwa ba su bar ni na huta ba. Wannan ta shigo ta ce a ba ta labarin teku, waccan ta ce wai da gaske ne a can raƙuma sun fi mutane yawa. Akwai kuma masu rage murya su tambaye ni yadda aka yi na tafi da miji na dawo amarya, alhali mijin bai canza ba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowace ta ɗauki nata ta kai bakin rijiya ta ƙara masa gishiri. To ga shi daga farkonsa, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta zo ba.

Maigidana wanzami ne, duk Ringim Wanzam ake ce masa, ni kuwa Malam nake cewa. Gajere ne, mai son a girmama shi. Ya yi wa rabin garin kaciya, ya cire beli, ya yi ƙaho, jini bai taɓa sa shi ƙifta ido ba. Da muka aurar da 'ya'yanmu mata, aka kuma gama yaƙin Turawa hanya ta buɗe, sai ya ce mu kama hanyar gabas, shi yana aski ni ina tuyar ƙosai, har Allah ya kai mu.

Daga Kano muka hau babbar mota, a saman buhunan goro. A nan muka haɗu da Malam Tanko, Bakatsine mai sayar da turare, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in yana salla. Kafin mu kai Potiskum ya san sunan kowa a motar da abin da ya raba kowa da surukarsa. A Yerwa aka ɗauke mu hoto aka yi mana takardar tafiya, aka rubuta ni matar Malam. A hoton nan idona a rufe yake, don mai ɗaukar ya shige cikin baƙin ƙyalle, ni kuwa na ɗauka wani abu zai harbo.

Muka haye kogi zuwa Lami, ƙasar Faransa, inda burodinsu dogo ne kamar taɓarya, taurinsa ma kusan haka. Daga nan zuwa Abeshe motar ta fi yawan tsayuwa a kan tafiya. Direban yana toshe tankin mai da sabulu, yana ɗaure ƙarfe da igiya, in ta ƙi tashi maza su sauka su tura, mata mu zauna a sama muna ba su shawara. Duk wannan wahala ban taɓa jin Malam ya yi ƙorafi ba, wannan kam zan ba shi haƙƙinsa.

A Junaina, bakin iyakar Sudan, abin ya faru. Doka ce duk mai wucewa sai an yi masa allura. Aka jera mu a rana, maza gefe mata gefe, muna ganin juna. Malam yana ta yi wa na bayansa bayani cewa wannan ai wasan yara ne, shi da yake tsaga mutane tun bai yi gemu ba. Layi ya zo kansa. Malamin asibitin ya ɗaga allurar sama ya ɗan tsirto ruwa. Malam ya dube ta, ya dubi sama, ya sulale ƙasa a sume, hularsa ta gangara har ƙafar ɗan sanda.

Na yi dariya. Ba ni kaɗai ba, layin mata gaba ɗaya ya ɗauka, amma tawa ce ta fi ƙara, kuma ita ya fara ji da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Ya miƙe, ya karɓi hularsa, ya karkaɗe, ya tako har gabana rigarsa tana ɗiga.

Ya ce, “Je ki, na sake ki saki ɗaya.”

Na ce, “To, in je ina? Motar dai ɗaya ce.”

Haka muka hau motar, shi a gaba ni a baya. Wani malami cikin ayarin ya ce abin mai sauƙi ne, muddin idda ba ta cika ba, kalma ɗaya Malam zai faɗa ya mayar da ni. Ya ce kuma ko ta cika, mace tana iya ci gaba da tafiyar hajji cikin ayarin mutanen kirki. Malam ya ce zai faɗa in na ba shi haƙuri. Ni kuma na ce ba ni na kayar da shi ba.

Muka wuce Fashir, muka kai Lubayya, muka shiga jirgin ƙasa. Guzuri ya ƙare, sai ayarin ya yada zango a Madani don tsintar auduga. Mutanen Sudan suna da kirki da son baƙo, sai dai abincinsu ya ba ni wuya da farko. Kisira suke ci, wata siririyar waina mai tsami, da miyar busasshiyar kuɓewa, shayi kuwa ba su san ƙoshi da shi ba. Matansu kuma suna haƙa rami su zuba itace mai ƙamshi, su zauna a kai su lulluɓa da bargo hayaƙi na tashi. Ranar da na fara gani na zaci maƙwabciyata ce ta kama da wuta, na sheƙa mata tulun ruwa. Ba ta yi fushi ba, amma har muka bar garin in ta hango ni sai ta janye tulunta.

Duk zaman nan ni nake dafa wa Malam abinci. Sai in ajiye akushin a kan wani dutse tsakanin rumfar maza da ta mata, ya zo ya yi gyaran murya ya ɗauka, ya dawo da shi a wanke. Malam Tanko ya naɗa kansa ɗan aike. In na ce a gaida shi, sai ya je ya ce na ce yaya jikin. In Malam ya ce miya ta yi daɗi, sai ya zo ya ce mini an ce yau dai an dace. Da wani ne ɗan aiken da tuni mun shirya. Muna cikin haka idda ta cika, ina tsakiyar gonar auduga. Na zauna a kan kunyar gona na yi kuka, don ban taɓa zaton zai bari ta cika ba, na share idona na ci gaba da tsinta.

A Sawakin aka tsare mu a karantina, wato inda ake killace matafiya a duba lafiyarsu, aka sake yin wata allurar. Wannan karon Malam ya roƙa a yi masa a bayan tanti, ni kuma na kafa idona a kan teku ban waiwaya ba. Jirgin ruwa kuwa kada wadda ta tambaye ni, ban ga komai ba sai cikin bokiti. Daga Jidda mota ta kai mu Makka. Ranar da na ga Ɗakin Allah na manta da kowa da komai, ban iya ko addu'ar da na haddace ba, hawaye kawai nake yi. Wannan ba abin da baki zai iya bayarwa ba ne, Allah ya kai kowa ya gani.

Aka sauke mu a Misfala, unguwar da mutanenmu suka yi yawa, a gidan wata Hajiya Zainabu. A can aka haife ta, kakanta ne ya zo daga Sakkwato, Hausarta rabi Larabci ce. Ta duba takardarmu ta buɗe mana ɗaki ɗaya. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ba zan shiga ba. Malam ya shiga nazarin silin gidan. Malam Tanko kuwa ya ajiye kayansa ya ba ta labarin tun daga tsirtowar allura. Hajiya ta yi dariya har ta riƙe bango, ta ce, “Ɗayyib, ya ukti, ke zo sama wurina, shi ya kwana da rijalu, sauran maza, a ƙasa.”

Muka yi aikin hajji lafiya. Da aka fara shirin komawa sai wakilin muɗawwafi, wato mai kula da alhazan gidanmu, ya kira mu. Ya ce takarda ta ce ni matar Malam ce, unguwa gaba ɗaya kuma ta san ba haka ba ne, shi ba zai sa hannu a kan ƙarya ba. Ko dai mu kawo takardar aure daga kotu, ko Malam ya hau jirgi shi kaɗai, ni in zauna hannun Hajiya har wani muharramina ya zo daga Ringim. Muharramin da ya rage mini ƙanena ne, wanda ko Kano bai taɓa zuwa ba. Na tuna 'ya'yana, da babbar da na bari da ciki.

Hajiya ita ba ta ga abin damuwa ba. Tana da wa, Alhaji Bakur, mai kantin carbi, matarsa ta rasu. Ya ɗanɗana ƙosaina sau ɗaya ya ce rabonsa da irinsa tun kakarsu na da rai. Sai ga dabino, sai ga turmin yadi. Ni ban ce ina so ba, amma ban mayar da yadin ba, na shanya shi a taga inda na ƙasa za su gani.

Washegari Malam ya zo zance. Mutum da furfurarsa, ya sa wankakkiyar riga ya tsaya ƙarƙashin taga yana gyaran murya. A gida wannan ba komai ba ne, amma a Makka namiji ba ya tsayawa ƙofar gidan mutane yana kallon sama. Wata tsohuwa daga benen da ke kallonmu ta juye masa ruwan wanke-wanke, wani askar kuma, wato ɗan sandan can, ya biyo shi da sanda har bakin kasuwa. Da yamma ya aiko Hajiya da kanta, ba Malam Tanko ba, ya ce a gaya mini shi ya yi kuskure. Na ce a gaya masa dariyar ma ta yi yawa.

Shi a zatonsa an gama. Ya nemo goro, wanda a can sai an sha yawo, ga shi a bushe, ya tara 'yan Takari a soron Hajiya za a shafa fatiha yadda ake yi a gida. Wakilin muɗawwafi ya leƙo ya ce su ci goronsu lafiya, amma ma'aikatan jirgi ba sa karanta goro, hatimin alƙali suke nema.

Zuwanmu kotu na farko aka tambayi waliyyina. Na ce yana Ringim. Aka ce to alƙali ne zai zama waliyyina, abin da ya ɗan faranta mini rai, don ban taɓa samun uba mai irin wannan rawani ba. Sannan aka ce mu kawo shaidu biyu da suka san mu. A gida duk wanda ya zo wucewa shaida ne, in dai ya karɓi goro. Malam Tanko ya ce shi ɗaya, na biyun kuma a bar masa. Ya samo wani dattijo mai zama a inuwar kotun, wanda aka ce ya san kowa. Dattijon ya tsaya gaban magatakarda ya ce ya san mahaifina sarai, dogo ne fari, ba ya sauka daga doki. Ni kuwa ubana gajere ne baƙi, ko jaki bai yarda da shi ba. Ban san lokacin da na ce ba shi ba ne. Aka kore mu. A hanya Malam ya buɗe baki zai yi faɗa, ya tuna ba shi da sauran iko, ya rufe.

Allah ya taimake mu da wani mai ɗaukar ruwa a unguwar, mutumin Ringim ne na gaske, ya daɗe a can. Ya san gidanmu, ya san gidan su Malam, har ya nuna tsagar da mahaifin Malam ya yi masa. Muka koma da shi.

Alƙalin tsoho ne siriri, a zaune kan darduma, ga tafinta a gefensa, wani Bakano da ya tsufa a Makka. Ni ina gefe cikin lulluɓi, Hajiya na kusa da ni. Aka ce a kawo shaidar saki. Malam Tanko ya miƙe. Aka ce ya taƙaita, amma sai da ya kwatanta faɗuwar da jikinsa, ya kuma gangarar da hularsa a kan dardumar kotu. Tafinta ya juya shi da Larabci, Malam yana tsaye yana jin abin kunyarsa cikin harshe biyu. Alƙali ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa suna motsi. Wannan karon ban yi dariya ba, na ciji mayafina.

Sai alƙali ya juyo gare ni. Tafinta ya ce ana tambayata, wa nake so a aura mini.

Na nuna Malam da haɓa.

Tafinta ya ce ba a nuni a kotu, in faɗi sunansa. Na ce Malam. Ya ce rabin Misfala Malam ne. Na ce Wanzam. Ya ce wannan sana'a ce, sunan yanka ake so, da na mahaifinsa.

Ku da kuke matan Hausa kun san abin da aka ce in yi. Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa sunan nan bai taɓa bi ta bakina ba. Ko ɗan maƙwabta mai sunan, Mai-sunan-Malam nake ce masa. Saki bai canza wannan ba, harshena bai san an sake shi ba. Na ce a gaya wa alƙali sunansa irin na limamin unguwarmu ne. Aka ce alƙali bai san limamin unguwarmu ba. Na ce to tafinta ya riƙa jero sunaye, in ya zo kansa zan yi tari. Bawan Allah har ya fara, ya ce Audu, ya ce Garba, alƙali ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Fuskarsa ta canza, ya yi magana mai tsawo, ya kuma yafito askar ɗin da ke bakin ƙofa.

Tafinta ya matso ya rage murya. Ya ce, “Baiwar Allah, abin ya wuce wasa. Akwai masu kawo mata daga ƙasarmu su ce matansu ne, su zo nan su sayar. Alƙali ya ce macen da ba ta iya faɗin sunan mutum, ko ba ta san shi ba, ko tsoronsa take ji. In ba ki faɗa da bakinki ba, ki kuma ce kina so, ba aure, shi kuma za a tsare shi a bincika.”

Malam Tanko ya fara bayanin al'ada, aka ce ya zauna. Hajiya ta zungure ni ta ce, “Yalla, faɗi mana, ismi ne kawai, mu nan kullum muna kiran namu.” Askar ya zo ya tsaya bayan Malam ya kama hannun rigarsa. Na dubi Malam ta cikin mayafi. Ya rame a tafiyar nan, ban lura ba sai ranar. Bai roƙe ni ba, bai ko dube ni ba. Ya ce wa tafinta a hankali a ƙyale ni, kada a sa ni abin da ban saba ba, shi zai bi askar ɗin.

Ni kuwa sai na ji ba zan iya kallon bayansa yana fita ta ƙofar nan ba. Na runtse ido na faɗi sunan, da na mahaifinsa, na ce ina so. Don tsoron kada a ce in maimaita, ashe da ƙarfi na faɗa, har na waje suka leƙo.

Malam ya ce, “Na'am.”

Ba wanda ya tambaye shi komai, amsawa kawai ya yi, yadda yaro yake amsawa in an kira shi daga cikin gida. Kotu ta fashe da dariya, har alƙalin, askar ya saki rigar. Aka shafa fatiha, aka yanka sadaki, aka buga hatimi. Malam Tanko yana ta faɗin wannan labari sai Katsina, Hajiya tana cewa mabruk, ni kuwa ina jin kamar in nutse don kunya.

Da muka fito rana ta take. Malam yana gaba riƙe da takardar da hannu biyu, ina binsa. Mun kusa gida sai ya tsaya a inuwar wani bango, bai juyo ba. Na ga yana goge ido da hannun riga. Na tambaye shi ko ƙura ce. Ya ce a'a. Ya ce tun da aka binne mahaifinsa ba wanda ya sake kiransa da sunan nan, kowa Wanzam, kowa Malam, har ya ɗauka ba mai sauran tunawa da shi.

Na ce, “Ina sane da shi. Kullum da shi nake yi maka addu'a, a zuci.”

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Can ya tambaya, yana kallon bango, ko zan ƙara faɗa sau ɗaya, tunda ba kowa a lungun. Na duba gaba na duba baya, na faɗa masa a hankali. Ya amsa.